Na haddace manyan kalmomin Turanci, amma sun kunyata ni a ofis

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matashi ne, na gama digiri na yi bautar ƙasa, yanzu ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta a Kaduna. Makarantun gwamnati na yi tun daga firamare, kuma Turancina bai kai na abokan aikina ba. Don in kamo su, sai na samo wani jeri na manyan kalmomi a waya, kullum ina haddace ashirin da ma'anarsu. Kwanakin baya aka sa ni rubuta jawabin maraba ga wani attajiri da ya haƙa wa wasu ƙauyuka rijiyoyin burtsatse. Na kira shi "a notorious philanthropist", na kuma yi masa godiya bisa "the enormity of your kindness". Allah ya sa shugabata ta duba kafin a karanta. Ta gyara, ta ce in daina rubuta abin da ban sani ba. Maganar ta bazu, har wasu na tsokanata da kalmar. Tun daga ranar ba na buɗe baki a taro. Ina da niyyar rubuta jarrabawar IELTS, ta gwajin iya Turanci, don neman gurbin digiri na biyu, amma gwiwata ta yi sanyi. Malam, ƙwaƙwalwata ce ba ta ja, ko hanyar ce ba daidai ba? Ko in watsar da manyan kalmomin nan gaba ɗaya?

Naka, wani ma'aikaci daga Kaduna.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena.

Ƙwaƙwalwarka lafiya ƙalau take. Wanda zai tashi daga aiki a gajiye ya zauna ya haddace kalma ashirin, mai himma ne, ba daƙiƙi ba. Hanyar ce ta cuce ka, kuma ba kai ka ƙirƙiro ta ba, tun daga sakandare ake saba wa yara da ita. Jarrabawar WAEC da ta JAMB suna da sashen da ake ba ɗalibi kalma a ce ya zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, ko wadda take kishiyarta. Masu darasin yamma suka ga mafi sauƙi shi ne a jera kalmomi bibbiyu a allo, wannan daidai take da wannan, kowa ya haddace. Ana cin jarrabawa da haka kuwa. Sai dai mai tambayar cewa ya yi wadda ta fi kusa, bai ce wadda take daidai ba. A ɗan ratar da ke tsakanin kusa da daidai ne ƙafarka ta zurma.

Duba kalmar da ta jawo maka surutu. Na tabbata jerin nan cewa ya yi "notorious" tana nufin "famous". Rabin gaskiya ya faɗa maka. Dukansu biyu suna nuna an san mutum, amma ɗaya ta wanda ya yi suna ce, ɗayar kuma ta wanda ya yi ƙaurin suna. Ɗan fashi, dillalin ƙwaya, kwanar da motoci suka saba kifewa a cikinta, su ake yi wa "notorious". Babu Bahaushen da zai miƙe a taro ya ce ga baƙonmu nan wanda ya yi ƙaurin suna wajen taimakon talakawa, domin kunnensa ya san ƙauri ba ƙamshi ba ne. A Turanci kunnenka bai riga ya kai nan ba, jerin kuma bai faɗa maka ba. Da "renowned" ka ce, ko "distinguished", ko ma "well-known" kawai, da tafi za a yi. Ita kuma "enormity" ta yaudare ka ne saboda ta yi kama da "enormous". Asalin aikinta nuna girman muni ne, kamar girman laifin kisan kiyashi. Yanzu akan ji wasu Turawan suna amfani da ita wajen girman aiki ko nauyin matsala, amma ko a bakinsu ba ta zuwa da alheri. "Your great kindness" ko "your generosity" ya wadatar, kuma attajirin zai fi jin daɗinsa.

Kafin mutum ya ce ya san kalma, sai ya san ko yabo take ɗauke da shi ko zargi, a wane irin wuri ake faɗinta, da waɗanne kalmomi take tafiya, da yadda take zama a cikin jimla. Fassara ita ce mafi ƙanƙantar abin da ke cikin kalma, kuma ita kaɗai jerinka yake ba ka.

Batun yabo da zargi ya fi kowanne saurin ɓata zumunci a ofis, don haka ka kula da shi. Mai tattalin kuɗi "thrifty" ne ko "frugal", marowaci kuma "stingy" ko "miserly", alhali duka hannunsu a damƙe yake. Wanda ya tsaya a kan ra'ayinsa, in kana yaba masa "firm" ne ko "resolute", in kana kushe shi "obstinate" ne. Wadda na fi jiye maka tsoro ita ce "simplistic". Mutane da yawa sun ɗauka "simple" ce aka yi wa ado. Ranar da ka ce wa shugabarka tsarin da ta kawo "simplistic" ne, da nufin ka yaba da sauƙinsa, ka ce mata ne tunaninta bai yi zurfi ba, ta raina matsalar. Haka "credulous", ba mai gaskiya take nufi ba, mai saurin yarda da kowace magana take nufi, wanda ake yaudara cikin sauƙi. Abin da za a iya gaskatawa shi ne "credible".

Wurin da ake faɗin kalma kuwa, ka riga ka iya shi a harshenka ba tare da wani ya zaunar da kai ba. Akuya mutuwa take yi. Mutum rasuwa yake yi, ko a ce Allah ya yi masa cikawa, ko ya riga mu gidan gaskiya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wafati ya yi. Abu ɗaya ake nufi, amma yaron da ya musanya su sai an gyara masa zama. Kalmomin da muka aro daga Larabci su suka fi zama a majalisar malamai da kotu da fada, na gida kuma suna kasuwa da tsakar gida.

Turanci ma haka tarihinsa ya gina shi. A shekarar 1066 Wiliyam na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi, ya kashe Sarki Harold a Hastings. Kimanin shekara 300 bayan haka Faransanci ne harshen fada da shari'a, Latin kuma harshen coci da ilimi, Turanci yana bakin manoma da bayi da masu sana'a. Da Turancin ya dawo kan mulki sai ya dawo da kayan aro jingim, har ya zama fiye da rabin kalmomin da ke ƙamusunsa daga Faransanci da Latin suka fito, ga na Girkanci a fannin kimiyya. Shi ya sa sau da yawa za ka tarar da kalma uku a kan abu ɗaya, hawa-hawa. "Ask" ta gida ce, "question" ta shigo ta Faransanci, "interrogate" daga Latin. Kana "ask" ɗin abokinka ina ya kwana biyu, amma ɗan sanda ne yake "interrogate" ɗin wanda ake tuhuma. "Fire" wutar murhu ce ko ta gobara, "conflagration" sai gobarar da ta cinye kasuwa ko unguwa. "Buy" a shago, "purchase" a rasit, "procure" a ofishin sayen kayan gwamnati. Mafi yawan abin da kake kira manyan kalmomi na hawa na uku ne. Babbar riga ce, ƙanena. Tana da ranarta, ranar Sallah da ɗaurin aure, amma ba a shiga gona da ita, kuma wanda ya shiga ba a ce ya fi sauran manoma daraja ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya sosai, domin nan ne ake gane wanda ya iya harshe da wanda ya haddace shi. Kowace kalma tana da abokan tafiya. Masana harshe suna kiran wannan "collocation", kuma za ka yi ta cin karo da sunan idan ka fara shirin IELTS. Baturen da ya haddace cewa "ci" tana nufin sa abinci a baki, me zai yi da cin amana, cin kasuwa, cin jarrabawa, cin mutunci? Ko shan iska da shan kashi? Ba dokar da ta ce a sha wahala kada a ci ta, haka kawai masu harshen suka saba. Kai ma abin da ke gabanka ke nan a Turanci.

Ɗauki kalmarmu ta "soke". Da ita muke soke taro, mu soke zaɓe, mu soke doka, mu soke lasisi. A Turanci kowanne da tasa. Taro ko tafiya "cancel" ake yi. Zaɓe ko aure "annul", shi ya sa duk jaridar da ta ba da labarin zaɓen 12 ga Yuni 1993 da gwamnatin Janar Babangida ta soke, da wannan kalmar take bayarwa. Doka majalisa "repeal" take yi mata. Lasisin tuƙi ko takardar mallakar fili, "revoke". Shawarar da hukuma ta yanke ta dawo ta janye, "rescind". Yarjejeniya tsakanin ƙasashe, "abrogate". Hukuncin ƙaramar kotu idan ya je gaban babba, "overturn" ko "quash". Jerin da ke wayarka zai zuba maka su a layi ɗaya ya ce duk "cancel" ne. In ka bi shi ka rubuta wa abokan aiki cewa an "abrogate" taron ranar Laraba, kowa zai gane nufinka, kuma kowa zai gane ba ka san kalmar ba.

Haka dangin sassautawa, waɗanda aikinku na ƙungiya ba ya rabuwa da su. Talauci da raɗaɗi da wahala ana "alleviate" ɗinsu. Haɗari da illar wani abu, kamar illar ambaliya, ana "mitigate" ɗinsu. Tsoro da damuwar zuciya, "allay" ko "assuage". Halin rayuwa ko yanayin aiki, "improve", in kuma rubutun na hukuma ne sosai, "ameliorate". Akwai ma kalmomin da ba sa tafiya sai da sharri. "Perpetrate" laifi take ja. "Rife with" da "fraught with" ba su zuwa sai da cin hanci, ko haɗari, ko matsala. "Exacerbate" ƙara tsananta abin da dama ya lalace ne, ba a yi wa farin ciki ita. Saboda haka daga yau kada ka ƙara rubuta kalma ita kaɗai a littafinka. Kada ka rubuta "alleviate", rubuta "alleviate poverty" da "alleviate suffering". Abin da ka haddace a haɗe, a haɗe zai fito daga bakinka.

Akwai kuma tagwayen da ba su haɗa komai ba sai kama. "Eminent" babban mutum ne mai daraja, "imminent" abin da ke gab da faruwa. Likita "prescribe" yake yi wa majiyyaci magani, gwamnati "proscribe" take yi wa ƙungiya, wato ta haramta ta. "Appraise" auna aiki ko kimar abu, "apprise" sanar da mutum. "Economic" abin da ya shafi tattalin arziki, "economical" abin da ba ya cin kuɗi. Mai magana shi ke "imply", wato ya yi hannunka mai sanda, mai sauraro shi ke "infer", ya gano inda aka dosa. Alƙali nagari "disinterested" ne, ba shi da wata moriya a shari'ar, amma in ya zama "uninterested" to ya ƙosa da ita ne, barci ma yake ji. Waɗannan ba su da wata dabara sai a sa su gefe da gefe, kowace da jimlarta.

Za ka ji ana cewa a koyi saiwoyin Latin da Girkanci, kuma shawara ce mai kyau. Wanda ya san "bene" alheri ce "mal" kuma sharri, ya buɗe "benevolent" da "benefactor" da "malevolent" da "malpractice" a lokaci ɗaya. Wanda ya san "chron" lokaci ce, ba zai ɗauka "chronic" tana nufin ciwo mai tsanani ba, zai san ciwon da ya daɗe ne yana tare da mutum. Amma saiwa tana taimaka maka ne ka yi hasashe lokacin karatu, ba ta ba ka izinin rubutawa. Ɗafin "in" da ake liƙawa a farkon kalmar Turanci yakan kore ma'ana, duk da haka "invaluable" abu ne mai darajar da ta wuce a yi mata kuɗi, kuma "highly inflammable" da ake rubutawa a jikin tankar mai gargaɗi ne cewa abin da ke ciki yana saurin kama wuta. Wata kalmar ma fuska biyu gare ta. "Sanction" tana nufin amincewar hukuma, tana kuma nufin takunkumi, irin wanda ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar a 2023. Jimlar ce kaɗai za ta faɗa maka wacce ake nufi.

Bari in faɗa maka wani abu da na lura da shi a rubutun matasanmu masu digiri. Abin da ke zubar da su a idon mai karatu ba rashin manyan kalmomi ba ne, ƙananan abubuwa ne. "Discuss about", "emphasise on", "comprise of", "advices", "equipments", "informations", "furnitures". Babu "about" bayan "discuss", babu "on" bayan aikatau "emphasise", kuma waɗancan sunaye ba su da jam'i. Rahoton da aka rubuta da kalmomin kowa da kowa ba tare da irin waɗannan kurakurai ba ya fi wanda aka cika da "plethora" da "myriad" alhali ƙananan suna tuntuɓe. In kana da awa ɗaya ta karatu, ba wa wannan rabinta.

Kada kuma wannan ya sa ka raina Turancin ƙasarmu. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da "okada" da "danfo" da "next tomorrow" da "Kannywood". Har da "severally" a ma'anar da muke ba ta, wato sau da yawa. Amma ga lauyan Ingila "severally" tana nufin kowa daban-daban, kamar yadda ake rubuta "jointly and severally" a takardar bashi. A ofishinku na Kaduna kowa zai fahimce ka. In kuwa rahoton na masu ba da tallafi ne a ƙasar waje, ko takardar jarrabawa ce, rubuta "several times". Sanin wanda zai karanta yana cikin sanin kalmar.

Tambayarka ta ƙarshe, ko ka watsar da su gaba ɗaya. A'a. Raba su za ka yi gida biyu: waɗanda kake ganewa idan ka gani, da waɗanda kake amfani da su. Gidan farko ka faɗaɗa shi iya ƙarfinka. Farfesa Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ya ƙididdige a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba yana buƙatar dangin kalma 8,000 zuwa 9,000, don ya gane kashi 98 cikin 100 na abin da ke shafi. Dangin kalma yana nufin kalma da 'ya'yanta, kamar "decide" da "decision" da "decisive". Maganar baka kuwa 6,000 zuwa 7,000 sun isa. Ka ga akwai aiki, kuma kana da dalilin yin sa. Amma kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su su kaɗai suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na yawancin rubutu. Gida na biyu, na abin da kake furtawa da rubutawa, a kan waɗannan zai tsaya, sabuwa kuma ba ta shiga sai ta cika sharaɗi.

In jeri kake so, ga wanda ya fi na wayarka. A shekarar 2000 Averil Coxhead, ita ma a waccan jami'ar, ta fitar da "Academic Word List", dangin kalma 570 da ta tace daga rubuce-rubucen jami'a na fannoni daban-daban. Su kaɗai suna ɗaukar kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi. Kyauta ne a intanet. Idan ka buɗe za ka yi mamaki, domin ba kalmomin tsoratarwa ba ne: "assess", "assume", "establish", "indicate", "significant", "implement", "allocate", "sustain", "constrain". Su ne ke cikin kowane rahoto da shugabarka take sa wa hannu, su ne kuma za ka tarar a digiri na biyu. Mutum ya mallaki waɗannan da kyau ya fi masa amfani a kan ya haddace kalmar da Baturen kansa bai taɓa furtawa ba.

Sai ƙamus. Nemi wanda aka yi don mai koyo. A. S. Hornby, malamin Turanci ɗan Ingila da ya koyar a Japan, shi ya assasa wanda yanzu ake kira Oxford Advanced Learner's Dictionary, kamfanin Oxford ya fara buga shi a 1948. Na Longman kuma yana bayyana kowace kalma da kalmomi masu sauƙi kimanin 2,000, don kada bayanin ya fi kalmar wuya. Duka biyun ana buɗe su kyauta a waya. Yawancin mutane layin farko suke karantawa su rufe, alhali dukiyar tana ƙasa. Karanta misalan jimlolin. Duba ɗan tambarin da ke gaban kalmar: "formal" na nufin ta rubutun hukuma ce, "disapproving" na nufin zargi ce, "literary" ta adabi, "old-fashioned" ta tsufa. Harafin U yana nuna sunan ba shi da jam'i. Danna ɗan hoton lasifika ka ji furucin, domin manyan kalmomi sun iya ba da kunya a baki: ba a furta "b" a "subtle" da "debt", "indict" indait ake cewa, "epitome" kuma gaɓa huɗu ce. Ƙamusun Turanci zuwa Hausa, irin wanda Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990, yana da amfani wajen kama ma'ana da sauri, amma daga nan ka wuce zuwa na Turanci zalla don ka ga kalmar tana aiki. Abin da zan hana ka shi ne maɓallin nan na kwamfuta da ke kawo kalmomi masu kama da juna ka zaɓi wadda ta fi tsawo. Wannan shi ne jerinka a wata kama.

Ashirin a rana ta yi yawa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace, mafi yawan zubewarsa a sa'o'i da kwanakin farko take faruwa, kuma maimaitawa da tazara ita ke riƙe shi. Kalma goma a mako, waɗanda ka tsinto da kanka daga abin da kake karantawa, sun fi ɗari da arba'in da za su zube kafin wata ya ƙare. Ka tanadi ƙaramin littafi. Duk kalmar da ta tare ka a Daily Trust, ko a shafin Turanci na BBC, ko a rahoton ofis, kwafi jimlar gaba ɗaya, ka rubuta abokan tafiyarta biyu daga ƙamus, ka ƙaga taka jimlar a kan aikinka. Waiwaye ta gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. Manhajar Anki tana tsara wannan tazarar da kanta in ka fi son waya. Wata dabara mai sauƙi kuma: karanta labari a BBC Hausa, sannan ka nemi labarin a Turanci. Tun da ka riga ka san abin da ya faru, hankalinka zai tafi kan yadda aka faɗe shi.

Sharaɗin da na ambata shi ne wannan. Kada kalma ta shiga wasiƙa ko jawabi ko rahotonka sai ka gan ta aƙalla sau uku a rubutun mutanen da suka iya, a wurare daban-daban, kuma ka duba ta a ƙamus har ƙasa. In kana shakka a kanta kuma lokaci ya ƙure, ɗauki ƙaramar da ka tabbatar. Ba a taɓa korar ma'aikaci don ya rubuta "use" maimakon "utilise" ba.

In kana son jin yadda wannan yake a aikace, nemi jawabin da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a Legas ranar 1 ga Oktoba 1960, ko wanda ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya bayan 'yan kwanaki. Ɗan Bauchi ne da ya yi Kwalejin Katsina, malamin makaranta, Turanci ba harshen gidansu ba ne, amma har laƙabin mai muryar zinariya aka yi masa. Saurara da alƙalami a hannu, ka ƙirga kalmomin da ba ka sani ba. Za ka tarar kaɗan ne. Ƙarfin maganarsa yana cikin natsuwa da tsari da ajiye kowace kalma a gurbinta.

Game da ofis, shugabarka ta yi maka rana, ko da lafazinta ya yi zafi. Da jawabin ya kai gaban baƙo, da abin ya fi haka. Ka same ta ita kaɗai, ka yi mata godiya, ka ce kana aiki a kan Turancinka kuma kana roƙon duk abin da ka rubuta ta ja layi a inda ya karkace, ko da ba ta da lokacin bayani. Da wuya babba ya ƙi wanda ya zo da wannan. Kowane layi da ta ja, ka kai shi littafinka. Masu tsokana kuma, in ba su ga ranka yana ɓaci ba za su gaji. Abin da ba na so shi ne shirun nan da ka ɗauka a taro, domin shi ne zai cuce ka fiye da kuskuren. Ana manta kuskure, amma ma'aikacin da ba a jin bakinsa ana tsallake shi ranar rabon aiki da ƙarin girma. A taro na gaba ka shirya magana ɗaya tun daga gida, jimla biyu ko uku da kalmomin da ka mallaka, a kan abin da ka fi kowa sani a aikin, ka faɗe ta ka yi shiru. Kai ne ka san ƙauyukan nan da harshen mutanensu, kuma ƙungiyar tana buƙatar wannan.

IELTS kuma kada ka fasa. Sashe huɗu gare ta, sauraro da karatu da rubutu da magana, sakamakon kuma daga 0 zuwa 9 ne. Jami'o'in Ingila da yawa 6.5 ko kusa da haka suke nema a digiri na biyu, amma ka duba abin da taka ta gindaya. A rubutu da magana, kalmomi ɗaya ne daga ma'auni huɗu masu nauyi daidai, kuma abin da mai dubawa yake nema a ciki shi ne yalwa tare da dacewa: ko kalmar ta zauna daidai, ko ta zo da abokan tafiyarta, ko ta dace da irin rubutun. Babbar kalmar da aka jefa ba a gurbinta ba rage maki take yi, kuma masu dubawa sun saba gane jimlolin da aka haddato daga gida. Ba wa kanka wata shida a kan hanyar nan kafin ka biya kuɗin rajista, domin kuɗin ba kaɗan ba ne. A cikin watannin, kowane mako ka rubuta muƙala ɗaya mai kalma 250 cikin minti 40, kamar yadda za a nema a aiki na biyu na sashen rubutu, ka ba wanda ya fi ka ya duba. Idan ka rubuta ta farko, aiko mini da ita ta adireshin wannan fili in duba maka.

Allah ya yi jagora, ya ba da sa'a.